Gogen Turawa a Bakin Goggo Rakiya

Makka, 6 ga Shawwal

Zuwa ga ƙanina Lurwanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya karatu, ya sanyin ƙasar Turawa? An yi salla lafiya? Allah ya maimaita mana.

Ni ce Mujahida, 'yar Inna Mas'uda ta Ɗambatta. Rabona da kai tun kana firamare, to kada ka ce ba ka gane ni ba. Kakata da kakanka Malam Kabo uwa ɗaya uba ɗaya suke, Goggo Rakiya kuma da nake zaune a wurinta a nan Makka ita ce babbarsu. A wurin Inna na samu lambarka.

Ba ni da layin waya, don sai mai iƙama, wato takardar izinin zama, ake sayar wa, ni kuwa shekara goma sha ɗaya ke nan da na zo Umra ban koma ba. Shi ya sa nake rubutawa a takarda, Anti Tahani, matar Kawu Abdulilah ɗan Goggo, ta ɗauki hoto da wayarta ta tura maka. In za ka amsa ka amsa ta nan, za ta nuna mini.

Inna ta ce bayan karatu kana aiki a gidan kula da tsofaffi, dalilin neman ka ke nan. Goggo ta kusa shekara casa'in. Tun watan Sha'aban ta fara mantuwa, ta ci abinci ta ce ba a ba ta ba. Wannan bai dame ni ba, tsufa ne. Amma a tsakiyar azumi wani abu ya fara. Kullum bayan la'asar sai ta ɗauki matashi ta rungume, ta jijjiga shi, ta ajiye, ta lulluɓe shi da mayafinta har sama. Sannan ta juya ta fuskanci bango ta fara rera wani sauti ta hanci, a hankali, babu kalmomi. Akwai inda yake hawa sama kamar za a fashe da kuka, sai ya sauko. Tana yi hannunta na dama yana tafiya yana dawowa. In ta gama sai ta ce "Mahmudu," ta faɗi wasu kalmomi da ba Hausa ba, ba Larabci ba, ba Fulatanci ba. Babu Mahmudu a danginmu, na tambayi Inna.

Ka san sana'ar Babanmu, Allah ya jiƙansa. Goge ya yi har ya rasu, a gidan biki da kuma gaban 'yan bori. Cikin sautin goge na tashi, babu taken da ban sani ba, kuma wannan ba namu ba ne. Amma hannun nan nata hannun mai jan goge ne. Sai dai tana karkatar da wuya kamar ta danne wani abu da haɓarta, mu kuwa ba haka ake riƙe shi ba.

Jiya Kawu ya shigo tana cikin yi. Ya tsaya a bakin ƙofa har ta gama, sannan ya ce da Larabci, "Wa ya koya mata wannan?" Ni ya kalla. Ya san 'yar wa ce ni.

Ka gaya mini gaskiya, ka taɓa ganin irin wannan a tsofaffinku?

Yayarka,
Mujahida

Aberdeen, 9 ga Shawwal

Yaya Mujahida,

Wa alaikumus salam. Na gane ki sarai, ke ce kika ɗauke ni a baya ranar da na taka kwalba a bikin Yaya Mukhtaru. Lafiyata ƙalau, sai mura da ba ta rabuwa da ni a garin nan. Ya jikin Goggo? Allah ya ba ta lafiya.

Ki kwantar da hankalinki. Abin da kika kwatanta ina ganinsa kullum. Cuta ce ta tsufa da take taɓa ƙwaƙwalwa. Abin da ya faru jiya yakan goge, abin da ya faru shekara saba'in baya ya dawo kamar yau. Muna da wani tsoho da ba ya gane 'ya'yansa, amma yana kiran sunan karen da ya yi kiwo yana yaro. Waƙa kuma ita ce ta ƙarshen fita daga kan mutum. Yamma ce lokacin da suka fi ruɗewa, don haka la'asar ɗin ma ba abin mamaki ba ce.

Ki roƙi Baba Abdulilah ya kai ta asibiti. Kada a tsawata mata, kada a ƙwace matashin. In za ta yiwu, Anti Tahani ta ɗauko mini muryar Goggo da waya, daga farko har ƙarshe. Ina so in ji da kunnena.

Ƙaninki,
Lurwanu

Makka, 15 ga Shawwal

Lurwanu,

Sallama da gaisuwa. Allah ya yaye maka murar, ka riƙa shan citta da kanumfari. Ni lafiyata da sauƙi. Ga muryar nan Anti Tahani ta ɗauka ta haɗo da takardar.

Na gaya wa Kawu maganar asibiti, ya ce sai an yi ruƙiyya tukuna. Ranar Talata ya kawo wani mutum. Karatun Alƙur'ani ba ya cutar da kowa, ni ma ina tofa mata safe da yamma. Amma mutumin nan a kunnenta ya riƙa daka tsawa, ya kama babban yatsanta ya murɗe yana cewa "fita." Goggo ta yi fitsari a zaune don tsoro, tana kiran sunana. Da ya gama sai ya ce aiki aka yi mata, kuma wanda ya yi aikin a gidan nan yake ci yake sha. Ya ce a nemi gashi ko zare da aka ƙulla.

Lurwanu, zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba, don Anti Tahani ba ta karanta boko. A ƙasan jakata akwai izgar gogen Baba, gashin wutsiyar doki. Ranar da ya rasu kawunnanmu suka fasa gogen, na tsinci izgar na naɗe, na ƙulle ta a wani yanki na rawaninsa. Ita kaɗai ce abin da nake da shi nasa. Ka faɗa mini, wa zai ga gashi a ƙulle cikin tsumma, a jakar 'yar mai goge, ya tsaya jin bayani?

Sau biyu ina ɗauko ta zan jefar. Na farko na tuna akwai kyamara a matakalar bene. Na biyu har na sa ta a ledar shara, na kasa, na ciro.

A ƙasar nan zargin sihiri ba abin wasa ba ne. Matan da muke haɗuwa a Harami suna ba da labarin wata 'yar aiki da aka tafi da ita kan laya ɗaya, har yau ba a ji ɗuriyarta ba. Ban san gaskiyar labarin ba, amma ni ba ni da takarda, ba ni da mai tsaya mini. Kawu ya daina amsa gaisuwata. Abincin da na dafa wa Goggo ma sai ya sa matarsa ta ɗanɗana.

Ka saurari muryar. In ka gane wani abu ka yi sauri.

Mujahida

Aberdeen, 19 ga Shawwal

Yaya Mujahida,

Ina gaisuwa, ina fatan ke da Goggo kun tashi lafiya. Mura ta yi sauƙi. Ina da labari, kuma ina jin na alheri ne.

Ranar Laraba na kunna muryar Goggo a wurin aiki, lokacin da tsofaffi suke shan shayin yamma. Akwai wata tsohuwa Jessie, shekararta casa'in da ɗaya, 'yar wani tsibiri ce da ake kira Shetland, can arewa da mu cikin teku. Tunda na fara aiki a nan ban taɓa jin ta yi magana ba. Sautin na tashi ta ɗago kai. Inda Goggo ta tsaya ta ja numfashi, sai Jessie ta ɗauka ta ci gaba, daidai, har ƙarshe. Na ajiye kofin da ke hannuna na tsaya ina saurare.

Duk ranar Alhamis wata mata mai suna Ishbel takan zo ta yi wa tsofaffin kiɗa da gogen Turawa, suna ce masa fidil. Tsirkiya huɗu gare shi, kuma da haɓa ake danne shi a kafaɗa, kamar yadda kika ga Goggo tana yi. Na kunna mata, ba ta bari ya kai rabi ba ta ɗauki gogenta ta ja shi. Ita ma 'yar Shetland ce, ta ce tsohon take ne na tsibirinsu, ko a can ma ba kowa ya san shi ba. Sunansa in an fassara, "Abin da Magnus Ya Jiyo a Tudu."

Na tambaye ta asalinsa, ta yi dariya ta ce ana cewa wani mai goge ne, Magnus, yana komawa gida ya bi ta gefen wani tudu, ya ji ana kiɗa daga ƙarƙashin ƙasa. Wasu ƙananan halittu ne masu zama a cikin tudun, aljanunsu ke nan, a wurinsu ya koyo taken. Wai tun daga ranar bai sake dariya ba, kuma ba a jan taken sai in yaro ya mutu. Kin ji, ashe su ma suna da irin labaran da ake ba yara.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, sautin nan yana da gida, yana da masu shi, ba ke kika kawo shi ba. Saura mu gano inda Goggo ta ji shi. Ishbel ta ce za ta bincika. Ki gaya wa Baba Abdulilah.

Lurwanu

Aberdeen, 28 ga Shawwal

Yaya Mujahida,

Sallama. Lafiya kuwa? Kwana tara ban ji daga gare ki ba. Wayar ta nuna an buɗe wasiƙata tun ranar da na aika. Na kira lambar sau huɗu, jiya wani namiji ya ɗauka, na yi sallama na faɗi sunana, ya kashe. Na kira Inna Mas'uda a Ɗambatta, ita ma ba ta ji komai ba, yanzu na tayar mata da hankali a banza.

Anti Tahani, in ke ce kike gani, don Allah ko kalma ɗaya ce ki aiko mini da murya.

Lurwanu

Kudai, Makka, 5 ga Zulƙida

Lurwanu,

Ina gaisuwa. Ina raye, ban san ko in ce ina lafiya ba.

Wasiƙarka ba ta zo hannuna ba sai da ta bi ta hannun Kawu. Ya ga saƙo daga lambar ƙasar waje a wayar matarsa, ya karɓa. Ni da hannu nake rubutu, kai kuwa da waya kake bugawa, sai ya sa wayar ta juya masa zuwa Larabci. Ya kira mu falo ya karanta da ƙarfi. Ban ji sunan Jessie ba, ban ji dariyar matar nan ba. Abin da ya karanto shi ne: a wurin aljanu aka koyo shi, kuma ba a yin sa sai in za a yi mutuwa. Ya maimaita sau uku. Ya ce, "Ɗan'uwanki da kansa ya shaida. Ko kafirai sun san na aljanu ne."

Na leƙa Hausar da ka rubuta, na ce tatsuniya ce, ka ma faɗa a ƙasa. Ya ce babu wannan a abin da yake gani. Ya shiga ɗakina ya zazzage jakata a tsakar ɗaki. Ka san abin da ya faɗo.

Bai dake ni ba. Da ya kwance tsumman sai ya ja da baya yana a'uziyya. Shi ma tsoro yake ji, Lurwanu, uwarsa ce. Ya ce saboda zumunci in fita kafin ya dawo daga azahar, in ya same ni, ni da ƙullin zai kai wa hukuma. Ya tafi da izgar. Goggo tana barci na fita, ban yi mata sallama ba.

Yanzu ina wani ɗaki a Kudai, bayan tashar motocin alhazai, mu shida, duk 'yan takari marasa takarda irina. Aikin Hajji ya matso, ana ta kame. Da rana ba ma kunna na'urar sanyi, kada a ji ƙararta a san da mutane a ciki. Muna zaune cikin gumi, muna magana ƙasa-ƙasa. Ranar Lahadi biyu daga cikinmu suka fita sayen burodi, har yau takalman gidansu suna bakin ƙofa. In mota ta tsaya a layin, kowa sai ya daina motsi har ta wuce.

Tarhil, wato a kori mutum zuwa ƙasarsa, ba shi ne tsorona ba. In mayar da ni gida ne kawai, da na fita na miƙa kaina, in je in ga Inna. Tsorona a kama ni a duba a ga akwai ƙara a kaina. Ban san ko ya kai ba.

Yau Anti Tahani ta zo a ɓoye, ita za ta tura wannan daga wayar ƙanwarta, ka amsa ta can. Ta ce Goggo ta rufe bakinta. Duk wanda ya kawo cokali sai ta kau da kai ta ce ba ita ba ce. Ruwa da madara kawai ake ɗura mata. Rerawar kuma ba ta daina ba, yanzu har da safe. Kawu ya ce alama ce aikin bai karye ba.

Me ya sa ka rubuta haka? Na san ba da mugunta ba ne. Amma kai kana inda ake dariya da irin wannan magana, ka manta inda nake.

Mujahida

Aberdeen, 9 ga Zulƙida

Yaya Mujahida, da Baba Abdulilah in ya yarda ya karanta,

Assalamu alaikum. Ina roƙon Allah ya sa wannan ta same ku Goggo tana da rai da sauƙi. Yaya, ki yafe mini. Na ɗauki abin da zai iya halaka ki na mai da shi hira. Wannan karon zan rubuta a miƙe, yadda ko waya ce ta fassara ba za ta karkatar ba.

Baba, taken nan mutum ne ya ƙirƙire shi, ba aljani ba. Da na gaya wa Ishbel abin da ya faru, ta bar aikinta ta yi kwana biyu tana kiran mutanen ƙauyensu. Akwai masu adana tsofaffin takardun tsibirin, sun turo mata abin da jikan Magnus ya rubuta da hannunsa. Magnus masunci ne. Yana kan teku 'yarsa ƙarama ta yi zazzaɓi ta rasu, kafin ya dawo an binne ta. Ya tsara taken don ita. A lokacin dattawan cocinsu sun hana goge, suna bi gida-gida suna fasawa. Da suka kira shi, tsoro ya sa ya ce ba shi ya yi ba, a tudu ya jiyo. Ƙaryar ta fi gaskiyar daɗin ba da labari, sai ta zauna. Daga baya mutanen ƙauyen suka riƙa jan taken bayan an binne yaro, don rarrashin uwar. Ba ya kiran mutuwa, ta'aziyya ce.

Sauran tambayar, yaya aka yi Goggo ta ji shi. Wata mata 'yar ƙauyen, sunanta Barbara, ma'aikaciyar jinya ce. Kimanin shekara saba'in da suka wuce ta yi aiki a Sawakin ta ƙasar Sudan, a sansanin da ake tsare alhazan ƙasa ana duba lafiyarsu kafin su hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ta tafi da gogen mahaifinta. Ta daɗe da rasuwa, amma 'yar ƙanwarta tana nan da wasiƙun da ta aiko gida. A ɗaya daga ciki ta ce wata matashiya daga yammacin Afirka ta haihu a sansanin, jaririn bai cika mako ba ya rasu. Matar ta zauna a gefen kabarin ta ƙi ci ta ƙi sha, jirgi kuma ya kusa tashi. Ba su jin yaren juna. Barbara ta rasa abin yi, sai ta ɗauko gogen ta ja mata taken garinsu, yamma uku a jere.

Ba ta rubuta sunan matar ba, don haka ba zan rantse Goggo ce ba. Amma Ishbel ta sake sauraron kalmomin da Goggo take faɗa a ƙarshe. Turancin tsibirin ne, ya lanƙwashe a bakinta. Ma'anarsu, "Ci ko kaɗan ne, yarinyata."

Baba, kai ka san ta wace hanya mahaifiyarka ta zo Makka, da shekarar da ta zo. Ƙullin da ka gani kuma izgar gogen mahaifin Yaya Mujahida ce, ta gaya mini tun kafin ka gan shi, takardarta tana wurina da kwanan wata.

Na haɗo da muryar gogen Ishbel tana jan taken. Ba don nishaɗi ba. A kunna wa Goggo sau ɗaya, a ga abin da za ta ce.

Ɗanku,
Lurwanu

Aberdeen, 20 ga Zulƙida

Yaya,

Sallama. Kwana goma sha ɗaya. Ina ganin labarin kamen da ake yi a Makka, ina ƙara girman hotunan ina duba fuskokin mata. Na faɗi jarrabawa ɗaya, ban damu ba. Ishbel tana tambayarki duk Alhamis. Ko kina fushi da ni ne, ki sa a ce mini kina nan.

Lurwanu

Makka, 27 ga Zulƙida

Ƙanina Lurwanu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, Goggo tana da rai, daga gidanta nake rubuto maka. Ba fushi na yi ba, hanyar aikawa ce babu. Jarrabawar kuma Allah ya sa ka rama.

Anti Tahani ta kai wa Kawu wasiƙarka, ya ƙi karɓa. Ya ce ba za a kunna kiɗa a kan uwarsa tana bakin mutuwa ba. Sun kai ta asibiti an ƙara mata ruwa, likita ya faɗi abin da ka faɗa tun farko, ya ce in ba ta ci ba babu abin da za su iya. Suka dawo da ita gida ta zama kamar tsinke.

Ranar Asabar Anti Tahani ta zo Kudai da motar ƙanwarta, ta ce Kawu yana shago sai magariba, in zo in gwada ba ta abinci ko sau ɗaya. Matan ɗakinmu suka ce kada in je, tarko ne. Na sa niƙabi na shiga. A hanya muka tarar da shingen bincike. Aka tsayar da motar gabanmu, aka fito da mutum biyu. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Jami'in ya leƙo, ya duba katin mai tuƙi, ya ɗaga hannu muka wuce.

Goggo ba ta gane ni ba. Na dama kunu na kai bakinta, ta kau da kai. La'asar ta yi, ta lalubo matashinta, ba ta da ƙarfin ɗaga shi. Sai na ce wa Anti Tahani ta kunna.

Lurwanu, ni 'yar mai goge ce, amma ban taɓa jin abu irin wannan ba. Ashe abin da take yi ta hanci inuwarsa ce kawai. Goggo ta buɗe ido, ta juyo da kanta tana neman inda yake fitowa. Ana cikin haka na ji mukulli a ƙofa. Kawu ne, ya dawo da wuri. Ya gan ni zaune a gadon uwarsa da kofi a hannu, kiɗa yana tashi. Ya ciro wayarsa daga aljihu.

Sai Goggo ta ce, da muryarta ta da, "Likita ce ta zo?"

Ta ce, "Ku ba ta tabarma mana, ta sha rana." Ta hango Kawu ta ce, "Abdu, zo nan. Ka san kana da wa?"

Ya kira ta yadda Larabawa suke kiran uwa, ya ce, "Yumma, ni ne babba."

Ta ce, "A'a. Akwai Mahmudu. A Sawakin na haife shi, muna jiran jirgi. Kwanansa shida, gobe suna ya koma. Malam, mahaifinka, ya ce ɗan da bai kai suna ba, ba a ambatonsa, mu bar wa Allah. Ni kuwa na sa masa a raina. Ko rago ba a yanka masa ba." Sannan ta ce, "Kowa cewa yake in yi haƙuri in tashi. Baturiyar nan ce kaɗai ba ta ce in tashi ba. Zama ta yi a ƙasa."

Kawu ya zauna a gefen gadon, wayar tana hannunsa. Ya tambaye ta wace shekara, ta ce shekarar da suka yi noman auduga a hanya. Ya tambayi inda kabarin yake, ta ce bayan rumfar masu ciwon ido, an sa farin dutse. Daga nan ta koma cikin ruɗewarta, ta ce mini in ɗebo ruwa a rijiya. Na miƙa cokali, ta buɗe baki. Cokali bakwai ta sha, yana kallo.

A daren bai ce in tafi ba. Da safe ya sa matarsa ta ba shi wasiƙarka, ya karanta sau biyu. Ya same ni a kicin ya ce da Hausarsa mai tsami, "Na je ofishin hukuma. Na tsaya a ƙofa, na dawo. Ban shiga ba." Na ce izgar fa? Ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙona ta tun ranar. Ya ce in yafe masa. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bakina ne ya faɗa, zuciyar tana tafe a baya, ba zan ɓoye maka ba.

Ya tambayi malamai kan yanka wa Mahmudu ragon suna, wasu suka ce babu laifi. Ranar Juma'a ya sa aka yanka rago da sunan Mahmudu, aka raba wa maƙwabta. Na aika wa matan Kudai kasonsu, saura uku a ɗakin. Goggo ta tsotsi romo. Ba kullum take gane mu ba, kuma likita bai ba mu dogon fata ba. Ni ma ba na leƙa ko taga sai an gama aikin Hajji, har yanzu in an ƙwanƙwasa ƙofa ɗaki nake shigewa.

Ka gode wa Ishbel, ka gaishe da tsohuwa Jessie ko ba za ta gane ba. Jiya bayan la'asar Goggo ta kama hannuna ta ce in likita, wato Baturiyar nan, ta dawo ba ta nan, akwai saƙo. Ban gaya mata ta rasu ba. Ka ce 'yar ƙanwarta tana raye, to ka nemi hanya ka isar mata, yadda Goggo ta faɗa, kada ka ƙara kada ka rage:

"A gaya mata Rakiya ta ci abincin, ta hau jirgin, ta iso. Ta sake haihuwa, ya rayu."

Yayarka,
Mujahida